Kwalin Taliyar da Na Aika Shagari

Ban taɓa mantawa da ranar da na tura na'urar duba jini a cikin kwalin taliya ba. Ku da kuka shigo aikin sito kwanan nan, gara ku ji daga bakina kafin wani ya ba ku labari.

A lokacin ina mataimakin mai kula da sito a wani kamfanin kayan asibiti da ke da reshe a Bodinga. Duk abin da zai fita, ni nake ɗaure shi, in cike takardar fita, in sa hannu cewa an shirya shi bisa ƙa'ida. Ƙa'idar kayan gilashi kuwa na san ta sarai. A cire madubban na'ura a naɗe kowanne daban, a sa ta a kwali mai kauri daidai jikinta, a toshe duk wani gurbi da soso. Sannan a saka wannan kwalin cikin wani babba, a cike tsakaninsu.

Wata Juma'a ce cikin damina, zazzaɓi ya yi yawa a ƙauyuka. Wani ƙaramin asibiti a bayan Shagari ya sayi na'urar, suna jiran ta. Ni kuma hankalina na Sifawa, inda za a ɗaura auren abokina bayan an sauko daga masallaci. Soso ya ƙare a sito, sai an je kasuwa. Na jawo kwalin taliya da ke gefe, na zura na'urar da madubbanta a jiki, na cusa tsofaffin jaridu uku, na liƙe. Na rubuta "A yi hankali" da jan biro, na sa hannu a takarda.

Direbanmu Baba Mamman, dattijo ne ɗan Dingyaɗi. Da ya ɗaga kwalin sai ya kara kunne.

"Malam Umaru, wanga abu yana motsi ciki."

Na ce, "Baba, kai dai tuƙi ne naka. Ɗauri nawa ne."

Ya fita da shi.

Ranar Litinin aka bugo waya cewa na'urar ta isa a fashe. Manaja ya kira mu, ya duba takarda, ya ga sa hannuna. Ya juya ga Baba Mamman ya ce gudu ya yi a hanya, ya karɓe makullin mota, ya dakatar da shi mako biyu. Ina tsaye a wurin. Dattijon ya dube ni sau ɗaya, na sunkuyar da kai ina gyara hula.

Washegari aka tura ni in ɗauko na'urar. Na tarar da mata zaune a barandar asibitin da yara masu zafin jiki a cinya, ana ce musu gwajin jini sai sun tafi cikin gari. Wata tana tambaya ko za a samu mota kafin ruwa ya sauko. Mai kula da ɗakin gwaji, Malama Hadiza, ta kawo min kwalin, ta juya shi ta kowane gefe.

"Duba da kyau, Malam. Ko kusurwa ɗaya ba ta lotsa ba. Kwalin nan bai faɗi ba, ba a danne shi ba. Daga ciki abin ya yi ta bugun kansa."

Ta zaro jaridun ta ajiye a gabana. Ba ta tambayi wanda ya ɗaure ba, ni ma ban faɗa ba.

Kwana biyu na ƙara ina riƙe da maganar. Ranar Alhamis na shiga ofishin manaja na faɗi komai. Ya ba ni takardar gargaɗi, ya ce in je da kaina in mayar wa Baba Mamman makullinsa.

Na same shi a gonar gero yana noma. Na durƙusa a kan kunyar gero, na ce ya yafe min.

Ya jingina fartanya ya ce, "Ai na sani. Tun daga Bodinga nike jin ƙarar shi. Kujerar gaba na aza shi, na naɗe da rigata, na tafi kamar mai ɗauke da ƙwai. Bai hana ba."

"To Baba, me ya sa ba ka faɗa wa manaja ba?"

"Kai yanzu ka fara, ga iyali. Ni in an kore ni, ga gonata."

Dakatarwar da aka yi masa ba ta ƙona ni kamar wannan magana ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, rubutun da ke bayan kwali ba ya tsare komai, aikin yana ciki, inda ba mai gani. Kaya yakan bi hannu da yawa kafin ya isa, kuma idan ya fashe, na ƙarshe ake kamawa, galibi wanda ba shi da bakin kare kansa. Don haka kafin ka sa hannu, ka tuna akwai wani bawan Allah da zai ɗauki abin da ka ɗaure, ya amsa laifin a madadinka.