Leshin Inna Mai Ruwan Goro

Tun da mahaifinmu ya rasu Inna ta daina kwalliya. Da ta fita takaba mun zaci za ta koma ga kayanta, sai ta buɗe akwatinta ta rarraba wa 'ya'yan 'yan'uwa abin da ke ciki, ta bar wa kanta zannuwa masu duhu da hijabi ruwan toka. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. In na kai mata atamfa da Sallah sai ta sa mini albarka ta ninke, ba a jima ba in gan ta a jikin wata maƙwabciya.

Abin da ta sa a gaba shi ne karatu. Ta haura sittin sa'ad da ta shiga Islamiyyar manyan mata ta unguwarmu a Gwandu, ta fara daga baƙi da wasali tare da sa'o'in 'ya'yanta. Ranar da ta bugo mini waya ta ce malamarsu ta sa su cikin masu sauka, a tsakar gidana na Kalgo nake, na saki tsintsiyar da ke hannuna na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

A makaranta babu matsalar sutura, farin hijabi kowa za ta sa. Amma bayan an tashi kowace mai sauka gidanta take komawa a yi mata walima, a nan ne ake fito da kaya. To a kan wannan muka sa zare da ƙanwar Inna, wadda muke kira Yafendo.

Ni aure ya kai ni Kalgo, a can nake koyarwa, idona ya saba da kwalliyar can. Yafendo kuwa ba ta taɓa yarda cewa akwai zanen kirki a wajen Gwandu ba.

"Ke ɗiyar nan," in ji ta, "kayan Kalgo na 'yan makaranta ne. Wanki biyu sun mutu."

Na ce, "Yafendo, naku kuma mutum ya sa ya yi ta gumi kamar ya yafa bargo."

Inna tana gefe da Alƙur'aninta tana bita. Mun ɗauka ba ta ma jinmu. Sai ta ɗago kai ta ce, "Ku kai ni duka biyun in gani." Muka kalli juna, domin mun shirya ne ta ce mu bar ta da tsohon hijabinta.

Da Gwandu muka fara. Wanda bai san garin ba zai zaga kasuwa ya ga yadi da atamfar yau da kullum ya ce iyakar abin ke nan. Kaya na ƙwarai ba sa zama a bakin titi, suna cikin gidaje, kuma babu allon da zai nuna maka ƙofa. Sai ka san wadda ta san mai su. Yafendo ta kai mu gidan wata Hajiya da ta daɗe tana saro kaya, tun zamanin da take zuwa Saudiyya da kanta. Aka shimfiɗa mana darduma, aka kawo fura, aka tambayi lafiyar kowa har da jikokin da ba su fara tafiya ba. Sai da aka gama wannan duka Hajiya ta sa aka jawo akwatuna daga ƙarƙashin gado.

Ƙamshin turaren wuta ne ya fara fitowa kafin kayan. Shadda mai maiƙo wadda in ka ɗaga ta sai ka ji nauyinta a wuyan hannu, atamfa mai tsadar da ba ta zuba, mayafai masu aikin hannu a baki. A ɗakin nan ba wadda ta ambaci yayi. Yabon zane shi ne a ce wance ta sa irinsa a auren ɗiyarta, ta sake sa shi a auren jikarta, har yau bai koɗe ba. Ni da na zo da niyyar raina musu sai na tsinci kaina ina shafa wata shadda ina haɗiyar yawu.

Hajiya ta ware masu haske ta ture gefe guda. "Waɗannan na amare ne," in ji ta. Ta jera wa Inna ruwan ƙasa, da shuɗi mai duhu, da wani kore kamar ganyen kuka busasshe. Yafendo ta ɗora hannu a kan ruwan ƙasan ta ce shi ne daidai da babbar mace mai karatu. Inna ta taɓa kowanne, ta yaba, sannan ta ce, "Sai mun yi shawara." Muka fito Yafendo tana ƙunƙuni har gida.

Asabar ta zagayo na zo na ɗauke su. Muka shiga bas zuwa Birnin Kebbi, daga nan muka sake mota zuwa Kalgo. Inna ta sha zuwa gidana suna ko dubiya, amma daga mota sai cikin gida, ba ta taɓa taka shagunan garin ba.

Kalgo kuwa komai a fili take ajiye shi. Tun da jami'a ta zauna a gefen garin shaguna masu ƙofar gilashi suka yi ta tsirowa, kowanne da mutum-mutumi marar kai a bakin ƙofa an sa masa doguwar riga. Ba a ba ka fura, ba a tambayar mutanen gida, ka shiga fanka na kaɗawa ka ga kaya a rataye da takalma da jakunkuna jere a kan katako. Abin da ake yayi bana, baɗi an manta da shi. 'Yan mata su zo da hoto a waya su nuna wa tela su ce irin wannan. In babu kaya a shago sai a ce ka zaɓa a waya, za a sako shi a mota daga Kano ko Legas. Yafendo ta tsaya gaban wani mutum-mutumi ta daɗe tana dubansa, ta ce, "Ko kai ba su ba shi ba, balle ɗankwali."

Ni na riga na yi zaɓina tun kafin su zo. A wani shagon abaya na sa aka ajiye mini wata ruwan toka mai duwatsu a hannu da ƙirji. Saurayin da ke shagon ya ciro ta daga leda yana ta yabo, Inna ta zura ta a kan kayanta ta tsaya gaban madubi. Ta juya dama, ta juya hagu.

"Wagga kam takaba ce mai duwatsu," in ji ta.

Yafendo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai ta faɗa mini. Na ji kunya, na ce mu tafi gida mu ci abinci. Inna ta ce a'a, tun da an fito a ƙarasa layin.

Shagon da ke kusan ƙarshen layin na wata mata ne daga wajen Zuru, Kirista, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya ta buɗe shagon leshi. Na san ta sama-sama, na koyar da ɗiyarta. Ta ba Inna kujera, ta gaishe ta da kyau. Ni da Yafendo muka fara yi mata bayani a tare, babbar mace ce, walimar sauka ce, a fito da masu duhu. Ta saurare mu, sannan ta sunkuya wajen Inna.

"Mama, ke wane launi ranki yake so?"

Inna ta ɗaga haɓa ta nuna can saman katakon kaya. Wani leshi ne ruwan goro, mai haske sosai, da ƙananan furanni na zare ruwan zinariya. Matar ta hau kujera ta sauko da shi ta warware a kan cinyar Inna, sai fuskarta ta ɗauki hasken.

Yafendo ta sa salati. "Yaya, da shekarunki? Mi mutane za su ce?"

Inna ta ci gaba da shafa leshin. Ta ce ranar da aka ɗauko ta daga Ceberu aka kawo ta Gwandu amarya, ta ga wata mata a bakin rijiya da zane ruwan goro, tun ranar launin ya shiga ranta. "Amma ban taɓa zaɓar wa kaina zane ba. Iyaye suka zaɓa, maigida ya zaɓa, Allah Ya jiƙan shi, ya iya zaɓe. Da ya tafi ku kuka karɓa. Karatun ga ni na zaɓe shi da kaina, na kuma kai ƙarshe. Zanen ma ku bar ni in zaɓa."

Mai shagon ta juya tana gyara wasu kaya da ba su buƙatar gyara. Can sai Yafendo ta miƙa hannu ta jawo bakin leshin. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta ɗaga shi a hasken ƙofa, ta ja zaren furen da farce ta ga ko zai saki. Bai saki ba.

"To," in ji ta, "ba laifi. Amma ba telan Kalgo da zai taɓa shi. Su matse mini ke kamar ɗaurin goro? A Gwandu za a ɗinka."

Na yarda nan take, don na san ɗinkin Kalgo ba a yi shi domin Inna ba. Mai shagon ta zaɓo mayafi marar nauyi da ya shiga da leshin, Inna kuma da kanta ta ɗauki wani takalmi mai faɗi ruwan zinariya ta gwada, ta taka zuwa ƙofa ta dawo. A motar komawa a cinyarta ta riƙe ledar, ta ƙi yarda a sa ta a baya.

Tsohon telan unguwarmu, wanda ya ɗinka mini kayan makaranta ina yarinya, shi ya yanka buba mai faɗin hannu da zane da ɗankwali, ya sa shafi mai laushi a ciki. Yafendo ta tare a shagonsa kamar ita ce mai keken. Ita ta koma wurin Hajiya ta sayo turaren wuta da humra, ta turara kayan har ƙamshin ya kama zare. Ana gobe walima ta fito da wasu awarwaron azurfa na kakarmu da ni ban ma san suna nan ba, ta wanke su da toka da lemun tsami.

Ranar sauka da safe filin makarantar ya cika. Aka kira Inna ta fito cikin farin hijabi kamar sauran. Muryarta ta yi rawa a ayar farko. A ta biyu ta daidaita, ta ja karatun nan a natse, ba gyara ko ɗaya daga malama. Ƙannena maza da suka zo daga Sakkwato suna can baya suna goge ido da hula.

Bayan Azahar gida ya cika da mata. Ni da Yafendo muka shige ɗaki da ita. Na shafa mata hoda, ta karɓi kwalli ta sa da kanta, hannunta bai manta ba. Yafendo ta tsaya a bayanta ta naɗa mata ɗankwali irin ɗaurin da, mai tsayi a gaba, ta zura mata awarwaro. Da muka ɗaga labule muka fito tsakar gida, sai wata tsohuwa 'yar ajinsu ta saki guɗa, sauran suka amsa. Inna ta ratsa tsakiyarsu a hankali, kanta a sama, tana amsa gaisuwa da hannu biyu. Jikokinta da ba su taɓa ganinta cikin launi ba suka bi ta a baya suna taɓa zanen.

Hajiya mai kaya ta zo. Ta kama gefen bubar ta murza kamar yadda Yafendo ta yi, ta tambaya a ina aka samo. Yafendo ce ta amsa, har da kwatancen layin, kamar ita ta gano shagon. Abokan aikina da suka zo daga Kalgo kuma suka kewaye Inna da wayoyi, wannan tana son a koya mata ɗaurin, waccan tana tambayar gidan da ake sayar da turaren. Kafin La'asar na ga biyu daga cikinsu sun bi bayan Hajiya zuwa gidanta.

Da rana ta yi sanyi baƙi suka watse, muka fara tattara tabarmi da kwanoni. Na ce wa Inna ta shiga ta sauya kaya ta huta. Ta ce ba yanzu ba. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugune a ƙofar ɗakinta, ta jawo kwanon waina da ta rage da miyar taushe ta fara ci, awarwaro na ƙara a hannunta.

"Yaya, manja zai ɗiga a kai!" in ji Yafendo.

Inna ta tsoma wata wainar a miya, ta kai baki, ta tauna a natse.

"In ya ɓaci sai mu koma Kalgo," in ji ta.