Muryar Ɗanlami Ba Ta Rawa Ba Ce

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai aminina Malam Ɗanlami mai kaset makwancinsa a Karu. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.

Tare muka yi karatun allo, tare muka zo Abuja farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da duk inda ka duba gini ake yi. Ni na kama ɗinki, shi ya kafa tebur a bakin tashar Nyanya. Waƙar Indiya ce kasuwarsa. A shekarun ne waƙoƙin suka fara fita daga cikin fim suna cin gashin kansu, da kiɗan inji mai dukan ƙirji, direbobi suna rububinsu.

Ɗanlami ba ya jin Indiyanci. Amma duk sabon kaset sai ya saurara, ya rubuta abin da kunnensa ya kama da ajami, ya je ya karanta wa wani tsohon Ba'indiye mai gyaran janareto. Tsohon ya yi dariya har da hawaye, sannan ya faɗa masa ma'anar. In batsa ce ko kiran gunki, sai ya mayar wa dila kayansa. Dilan ya taɓa ce masa, "Oga, mutane ba ma'ana suke saye ba." Ya ce, "Ni za a tambaya gobe ƙiyama, ba su ba."

Shi kansa Allah Ya ba shi murya. In ya tabbatar waƙa ba ta da dauɗa, yakan ari karinta ya ɗora begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ganga ba tafi. Kaset shida ya yi. Biyar ya ba ni kyauta tun yana da rai, ɗaya ya bar wa iyalinsa.

Watan jiya na je wani biki a Nyanya, sai na ji muryar Ɗanlami daga lasifika. An ƙara mata sauri, an yayyanka ta kamar mai shaƙuwa, an ɗora a kan kiɗan rawar Indiyawan zamani, wata mace na cusa baki a tsakani. Maza da mata suna ta girgiza. Na ajiye cokali. Na gode Allah da bai nuna masa wannan rana ba.

Ashe aikin ɗansa Nasiru ne, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Da ya zo shagona neman sauran biyar ɗin, na tambaye shi me matar take faɗa.

"Kai, Baba, wa ya sani? Kiɗan ne ke tafiya. Ai raya sunansa nake yi."

An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma ba a ce a tono mamaci a sa shi rawar ba. Na tsufa, kuma na san inda kaset ɗin za su faɗa bayana. Sai na zauna kwana tara ina saurare, na rubuta kowane baiti da ajami. Da na gama, na yi bisimilla na ƙone kaset biyar ɗin. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Muryar ta bi mai ita, begen ya tsira.

Da Nasiru ya dawo, na miƙa masa takardun. Ya jujjuya su ya ce, "Baba, ai ban iya karanta wannan ba."

Na ce, "Ina nan kullum bayan La'asar. Ka zo da alƙalami."