Faifan Inna a Motar Makaranta

Tun ranar da na koma aiki da goyon Nana a bayana nake ɗauke da fargaba guda: kada kukanta ya raba ni da aikina. Ni ce Antin mota a wata makarantar yara a nan Katsina. Aikin ba ya son takarda mai yawa. Da safe mu kwaso yara daga Ƙofar Durbi, mu bi ta Gobarau, mu ƙare a Ƙofar 'Yandaka. Ni ke buɗe ƙofa, in karɓi yaro da kwandon abincinsa, in an tashi kuma in damƙa shi a hannun wanda na sani. Sama da ni akwai direba, Malam Sani, sama da kowa kuma Hajiya mai makaranta.

Hajiya ta ce mini, tana kallona ta saman tabarau, "Rabi, ki zo da ita mu gani. In tana damun yara, sai ki nemi inda za ki bar ta." Ni kuwa ba ni da inda zan bar ta.

Nana ba ta son mota. Abu ɗaya ke kwantar da ita, waƙar reno da Innata ta rera ta turo mini a waya daga ƙauye. Amma ƙarar inji da ta yara na danne wayar. Rediyon motar kuma tsoho ne, faifai kawai yake ci. Malam Sani ya ce rediyon yana karanta irin faifan da ake matse sauti a ciki, wanda suke kira MP3, guda ɗaya ya ɗauke abin da za ka yini kana ji.

Na kai wayar shagon wani mai tura waƙoƙi, na ce ya sa mini muryar da ke ciki a faifai, na wuce cefane. Shi kuma da ya ga fili ya rage, sai ya kwashe duk wata murya da ke wayar ya zuba. Ban sani ba, domin kullum Malam Sani na danna maɓallin maimaitawa, Inna ta yi ta zagayowa, Nana ta yi barci.

Ranar da ba ta fita daga raina ita ce wata Talata da motar Hajiya ta ƙi tashi, ta ce mu biya mu ɗauke ta. Ta shiga gaba. Malam Sani ya tura faifai, ya shiga gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya Alhaji, ya ƙafar Alhaji, ya jikoki. Maɓalli dai ba a danna ba.

Inna na gama waƙa sai na ji muryata ta cika mota, saƙon da na taɓa aika wa yayata: "Yaya, wallahi in Hajiya ta kalle ni ta saman tabaran nan, cikina har ƙugi yake. In ta ce in bar ɗiyar nan a gida, wa zan bar wa? Ko barci ba na yi."

Yara suka ɗauki ihu, "Anti ce a rediyo! Anti ce!" Malam Sani ya kai hannu a rikice, maimakon ya kashe sai ya ƙara murya. Nana ta farka ta tsala kuka. Na ce a raina, shi ke nan, Rabi, sai gida.

Hajiya ta juyo a hankali. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"To, na cire. Cikin ya lafa?"

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri."

"Haƙurin mi? Malam Sani, mai da mana tsohuwa, yarinya na kuka."

Inna ta dawo, Nana ta yi shiru. Muna isa bakin makaranta Hajiya ta ce, "Wa ya ce maki ban yi goyo a wurin aiki ba? Ɗiyarki ta zauna. Ki sa a yi wa 'yan ƙaramin aji nasu faifan don barcin rana. Muryar Inna kaɗai, ban da labarai."

A nan na gane manyan namu ma sun san nauyin goyo, mu ne ba ma iya buɗe baki. Nana yanzu tana aji, Malam Sani kuma har yau "Anti rediyo" yake kirana.

Roƙona gare ku, 'yan uwa: in kun kai waya a tura muku abu a faifai, ku tsaya a shagon, ku saurare shi har ƙarshe kafin ya shiga mota.