Kukan da Aka Ɗora wa Saratu

Saratu matar Bello ba ta taɓa kallon fim daga farko har ƙarshe ba sai ranar da aka nuna wanda take ciki.

Mutuniyar Sunke ce, can aka haife ta, can ta yi aure a gidan da ke kallon nasu. Doguwa ce, busasshiya, taɓarya ta mayar da tafin hannunta kamar na maƙeri. Shekara tara ta yi a ɗakin miji ba haihuwa. Ta sha saiwoyi, ta sha rubutu, ta gaji ta daina, sannan cikin ya zo da kansa. Namiji ta haifa, aka sa masa Sahabi. Ɗan fari ne, don haka tun ranar suna bakinta ya rufe a kansa. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi a tsakar gida sai ta kau da kai har uwar mijinta ta zo ta ɗaga shi. In dole ta kama, sai ta ce "wancan". Matan da suka yi aure bayanta sun fara sassauta wannan kunyar, wai zamani ya canja. Saratu ba ta sassauta ba. Abin da take yi wa yaron in ta saki labulen ɗakinta, ita da Allah suka sani.

A shekarun da zinari ya haukata yankin, maza na kawo dutse daga rami a buhu, mata na dakawa a cikin gida, a turmin da ake dakan fura. Ba macen da ta kai Saratu daka a layinsu. Ƙurar na sauka kan tabarma, kan kwanon tuwo, kan yaron da ke zaune gindin turmi yana tsotsar yatsa. Shekararsa huɗu ya fara jijjiga, kwana uku ya yi ya cika. An binne yara da yawa a shekarar kafin likitoci su zo su ce gubar dalma ce a cikin dutsen, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Saratu ta yi zaman makoki ido a bushe, masu gaisuwa ma uwar miji suka nufa, kamar yadda aka saba. Bayan bakwai ta faskare turmin ta hura wuta da shi.

Ta haifi huɗu daga baya. In aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce huɗu, da wanda ya riga su. Shekara goma sha biyar ba mahaluƙin da ya ji sunan a bakinta. Ba ta da hotonsa, rigunansa an bayar sadaka. Wannan shirun kaɗai ta riƙe masa, kuma ba ta san wani abu da uwa za ta ba ɗan fari wanda ya fi shi ba.

Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, su da maƙwabtansu suka taso suka raɓa a gefen Anka. Bello na dako a kasuwa, Saratu na yi wa mutane sussuka da shiƙa. A nan Anwar ya same ta.

Anwar ɗan wanta ne. Ya yi shekara biyu a Gusau ya dawo da kyamara da hular hana-salla, ya ce daga yau a riƙa ce masa darakta. Ainihin aikinsa ɗaukar biki da suna da walimar sauka, inda yake bin amarya da haske har sai ta yi gumi. Sai ga wasu matasa na Anka da Gummi da Bukkuyum sun shirya bikin nuna fina-finai na kwana biyu. Suka ce na masu zaman kansu ne, wato waɗanda ba wanda ya yarda ya ɗauki nauyinsu. Anwar ya zauna ya auna abin da zai fi sa alƙalan bikin share ido, ya tuna yana da gwaggo.

Ya iske ta bayan gari da faifai a hannu, gero tsibi a gabanta.

"Gwaggo, labarinki nake so duniya ta ji."

"Duniyar ce ta aiko ka?"

"Ki faɗi abin da ya faru kawai. Ki fara da sunansa."

Saratu ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Kai Anwaru, gidan wa anka yi renonka?"

Ya yi dariyar da 'yan boko ke yi wa tsofaffi, ya ce to ta bar sunan, ta ba da labarin. Ta ba shi. Munka daka dutse, ƙura ta tashi, yara sunka kwanta, likitoci sunka zo. Shi ke nan. Ya roƙe ta ta rufe ido ta tuna ranar, ta bar zuciyarta ta yi magana.

"Zuciyata ba ta da baki. Matsa, ka tare min iska."

Ya matsa, amma bai kashe kyamarar ba. Tana cikin shiƙa iska ta juyo, ƙaiƙayi ya faɗa mata ido. Ta ajiye faifan, ta juya baya, ta sa bakin mayafi tana murzawa, kafaɗarta na motsi don atishawar da ta ƙi fitowa. Ta ji ya ce "yauwa" a hankali. Ba ta tambaye shi yauwar me ba.

Ranar Asabar bayan azahar aka nuna. Anwar ya bi gida gida ya gayyato 'yan Sunke, wai su zo su ga garinsu. Ɗakin taro ne aka toshe tagoginsa da buhunan taki, janareta na ruri a bakin ƙofa, mata a hagu, maza a dama, igiya a tsakani. Alƙalai uku na gaba, kowa da robar ruwa da biro. Saratu ta zauna kusa da Saudatu, maƙwabciyarta tun Sunke, mace mai baki wadda ko a makoki sai ta sami abin faɗi.

An fara da na wani ɗan Gummi, a kan yaron da ya sha maganin tari ya haukace, ya warke, ya tuba, ya zama mai wa'azi, duk cikin minti goma sha biyu, sandar ɗaukar magana kuma tana leƙowa daga sama kamar wuyan raƙumi. Sai na wani ɗan Bukkuyum a kan hanyar Adabka, wanda ya ɗauka yana bayan babur, ba abin da ake gani sai sama da ƙasa suna musayar wuri. Ya tashi ya yi bayani cewa da gangan ya yi, don mai kallo ya ji abin da talaka ke ji.

"Mun ji," in ji Saudatu. "Ni har amai ya taso min."

Sai na Anwar. Aka rubuta Sunke da manyan baƙaƙe, aka nuna bayan garin Anka, har da rumfar mai faci da kowa ya sani. Mata suka fara ƙus-ƙus. Sai ga Saratu ta cika bango, tsawonta ya kai rufi, tana faɗin 'yan maganganunta huɗu. Ta sunkuyar da kai tana jira a wuce wurin. Ba a wuce ba. Matar da ke bango ta ajiye faifai, ta juya baya, ta kai mayafi ido, kafaɗarta ta fara rawa, sai murya ta fashe daga lasifika.

"Sahabi. Sahabi ɗana. Wayyo Sahabi, ni na kashe ka da hannuna."

Sau uku muryar ta zagayo, kowane zagaye da shessheƙa, ga sarewa a ƙarƙashi. Saudatu ta damƙe wa Saratu gwiwa. Duk wanda ya san Saratu zai iya gane ba muryarta ba ce, harshen ma na Kanawa ne. Amma lasifikar na ƙugi, janareta na ruri, kuma bayan da ke rawa a bango nata ne. Kawuna suka fara juyowa. Wata tsohuwa a layin baya, wadda da hannunta ta yi wa yaron wankan gawa, ta ce ba da ƙarfi ba, "Ashe zaman birni ya kai ta nan." Ta can gefen igiya Saratu ta hango Bello ya kafa ido a kan yatsun ƙafarsa.

Aka kunna fitila, baƙi suka yi tafi. Alƙali ɗaya ya cire tabarau yana gogewa don a ga abin ya taɓa shi. Mai gabatarwa ya ce cikin ikon Allah wannan uwa jaruma tana tare da mu, ta daure ta fito a gan ta.

Saratu ba ta taɓa tsayawa gaban taron maza ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta taka har gaba. Aka miƙa mata abin magana, ta riƙe shi kamar muciya.

"Anwaru, zo nan. Kukan ga na wane ne?"

Ya matso yana murmushi, yana magana ƙasa ƙasa. "Gwaggo, salon aiki ne. Ko'ina haka ake yi."

"Na ji. Na wane ne?"

"Abin da ke ranki ne muka fito da shi, tunda ke ba za ki iya ba."

"Ka shiga raina ke nan. To da kai da wa kunka shiga?"

Ya dubi alƙalai, alƙalai suka dubi robobinsu. Daga ƙarshe ya nuna layin gaba na mata da leɓe. Kausar ce, budurwar da ta tashi a Kano wajen yayarta, wadda muryarta ke tallar maganin basir a lasifikar mota ranar kasuwa. Ta sha kwalliya, ta zo a yaba mata.

Saratu ta ajiye abin maganar a teburin alƙalai. Ta je gaban Kausar, ta cire takalmi, ta durƙusa yadda ake yi a gidan rasuwa.

"Ɗiyata, ashe rashi kinka yi ba mu ji ba. Na ji kina kiran ɗanki. Ya haƙuri?"

Gaisuwar mutuwa amsa ɗaya gare ta, kuma ba a barin babba a durƙushe.

"Da godiya," in ji Kausar.

"Allah shi jiƙan shi. Allah shi ba ki dangana, ki bar kiran shi cikin mutane."

Ta miƙe ta sa takalminta. Kafin ta koma mazauninta Saudatu ta riga ta taso. In mace ɗaya ta buɗe gaisuwa, saura ba sa zama, kuma matan Sunke ba wanda zai koya musu gaisuwar mutuwa. Suka yi layi. Ɗaya bayan ɗaya suke cire takalmi, su durƙusa, ya haƙuri, da godiya, ya ƙarin haƙuri, da godiya. Saudatu ta ƙara da tambayar ko an yi bakwai, don su kawo gumba. Tsohuwar layin baya ta zo da sandarta ta yi tata, da za ta koma ta dafa kafaɗar Saratu ta wuce. Mata ashirin da uku ne, gaisuwar ta fi fim ɗin tsawo. Wajen ta goma Kausar ta fara kuka na gaske, kwalli na bin kumatu, kyamarar Anwar kuwa na rataye a wuyansa, bai ko tuna da ita ba.

Mai gabatarwa ya yi ta roƙon a zauna, akwai sauran fim biyu. Ba wanda ya kula shi. 'Yan Sunke suka gama suka fita, mazansu suka bi su, ɗakin ya koma rabi. Alƙalai dai sun riga sun rubuta sunan Anwar a takardar yabo ta wanda ya fi iya sauti, kuma ba su zo da wata takardar ba, don haka suka ba shi.

Bayan kwana biyu ya zo gidan ba hula, ubansa ya turo shi. Ya ce ya cire muryar, amma fim ɗin ya lalace, yanzu mace ce kawai tana murza ido minti biyu. Ya ce kuma wancan na farkon ya riga ya shiga wayoyin mutane, ba yadda zai yi ya dawo da shi.

"Bar musu," in ji Saratu. "An san mai shi."

An kuwa sani. Har yau in wani ya kunna guntun a rumfar mai shayi ko a wajen niƙa, cewa ake ga kukan Kausar, kuma akwai matan da in sun haɗu da ita a kasuwa sai sun tambaye ta ya haƙuri. Ta daina tallar maganin, ta koma ɗinki. Anwar ya koma bin amare da haske.

Saratu na nan bayan gari da faifanta. Kwanan baya wata ma'aikaciyar lafiya ta zo rubuta sunayen iyalai, ta tambaye ta yara nawa ta haifa. Ta ce huɗu, da wanda ya riga su. Matar ta ɗaga biro tana jiran suna. Saratu ta ɗebi gero ta juya wajen iska.