Faɗin Taku Biyu

Ni da ɗan gwaggona muka buɗe sabar wasan, wato dandalinsa na intanet, shekarar da gida ya watse, ni na faɗo Damazin, shi Bur Sudan. Wasa ne na shimfiɗa layin dogo da harhaɗa jirage. Muka zana yankinmu na Gezira yadda muka san shi, da magudanan ruwa da gonakin auduga, tun daga Wad Madani har Hajj Abdalla. Shi na bar wa ragamar sabar, don ni na san halina, ba ni da wuyar hawa.

Baba yana wurina a lokacin, ciwo ya kwantar da shi. Da ƙuruciyarsa ya yi lodin auduga a ƙaramin jirgin da ke ratsa gonaki. Sai in zauna bakin gadonsa da waya, yana faɗa ina ginawa. "Ba haka ya ke ba! Taragon baya buɗe ya ke, nan muka zama." In gyara, ya sake tono wani aibin. Mako uku muna musu kafin ya ce, "Shi na." Na ajiye jirgin a wani ɗan layin gefe kusa da Hajj Abdalla. Bayan rasuwarsa ban ƙara motsa shi ba, nakan dai leƙa in gan shi.

Ana nan sai ɗan gwaggona ya cika sabar da abokansa na jami'a, masu jirage sai ƙyalli. Ɗayansu ya tambaya da Larabci, wane baƙauye ne ya bar keken jaki a kan layi. Na wanke shi tas.

Wata safiya na leƙa, wayam, ba jirgin Baba. Na kira ɗan gwaggona ina ihu.

"Ma'alesh ya zol," in ji shi, yana ba ni haƙuri da Larabci. "Kuskure na. Taragun banza nika sharewa, naka ya faɗa ciki."

Abin yana faruwa. Akwai umarnin da ke zaɓen jirage ta wurin da suke tsaye: ka rubuta lambobi uku na wurin, ka ƙara faɗin da'ira, duk jirgin da ke ciki ya shiga hannunka. In ka yi faɗin da yawa, sai ka haɗa da na maƙwabci. Na yarda. Har haƙuri na ba shi kan ihun da na yi masa, ni sarkin wauta.

Bayan kwana biyu na tuna kowane umarni yana barin sawu. Na buɗe jerin, na gangara har na sami nasa. Faɗin da ya rubuta taku biyu ne. Ko akuya ba ta juyawa a taku biyu, balle a yi kuskure. Raina ya ɓaci, amma lambobin wurin ne suka sa na ajiye wayar.

Ni na aika masa su, ranar sadakar ukun Baba. Ya ce hanya ba ta biyuwa, ba zai samu zuwa gaisuwa ba. Na ce ba komai ɗan'uwa, ga inda jirginsa yake, je ka tsaya can ka yi masa Fatiha.