Shaƙuwar Oga Ungulu

Shekara goma sha tara ke nan yara suna dariyar wata shaƙuwa da mai ita bai yi niyyar yi ba, kuma har yau bai huce ba.

Baba Gurnani ake ce masa a unguwa, saboda irin muryar da Allah ya ba shi. Sallama kawai zai yi a ƙofar gida, karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin mota. Tun yana saurayi burinsa ya karanta labarai a rediyo. Sau huɗu yana zuwa gwaji, ana ce masa muryar ta yi, sai dai ko labarin buɗe sabuwar gada ya karanta, mai sauraro zai ɗauka gadar ce ta rufta. A ƙarshe ya samu kansa a wani ɗan ɗakin ɗaukar murya a bayan shagon tela, inda ake sa wa finafinan katun baki. Bango duk an manne shi da soso, makirufo ɗaya ne, fanka kuma a kashe take muddin ana ɗauka. Gilashi ne ya raba shi da Injiniya, mai kula da na'ura.

Matsayin mugun cikin fim aka ba shi, wato Oga Ungulu, wani tsohon tsuntsu mai sanƙo da tabarau, wanda ba shi da buri a duniya sai ya sace takalmin hagu na kowane yaro, don kada a ƙara fita wasa a dame shi da ihu. Kullum 'ya'yan agwagwa uku ke wargaza masa shiri.

Baba Gurnani bai ɗauki aikin da wasa ba. Mako uku ya yi yana koyon dariyar mugunta a banɗaki, har matarsa ta ce ko ya daina ko ta kira masa likita. Ranar ɗauka ana zafi kamar me, ya kwankwaɗi lemo mai sanyi a tsaye, ya shiga. Dariyar ta taso daga can cikin ciki, ta hau, ta cika ɗakin, tana kaiwa ƙololuwa sai wata 'yar siririyar shaƙuwa ta kufce masa, irin ta jariri. Da ya ɗaga kai bai ga Injiniya ba. Yana ƙasa, yana riƙe da ciki don dariya.

Sau bakwai suka sake, sau bakwai dariyar ta fita tsaf. Da fim ya fito, mai shaƙuwar aka sa.

Abin haushin kuma, bai ƙara iya yin ta ba. Idan ya ƙaƙalo ta da gangan sai ta fita kamar gyatsar sa. Don haka Injiniya ya yanke ta asalin ya adana, duk fim ɗin da aka yi sai ya liƙa ta a wutsiyar dariyar. Ta bi su daga kaset zuwa faifai zuwa kwamfuta, ba ta tsufa ba, shi kuwa ya yi furfura.

Ni dai ina ganin ba wani abin mamaki a son da yara ke yi wa Oga Ungulu. Yaro wuni yake a ƙarƙashin manya masu tsawa. In ya ga wani ƙato mai tsawa ya shirya mugunta tsaf, sannan ya taka igiyar tarkonsa da kansa, dole ransa ya yi fari. Amma je ka gaya wa Baba Gurnani haka, ka sha harara.

"Ni tsoro na so su ji," in ji shi. "Aikin mugu ke nan."

"Tsoron me?" matarsa ta ce, tana ninke kaya. "Agwagin nan ko sunansu yara ba su riƙe ba. Kai suke jira ka fito ka sha kunya."

Da can yaran layi kan tare shi su ce ya yi musu dariyar. Ya yi, su tsaya suna jiran ƙarshen, ƙarshe bai zo ba, su kalli juna su ce, "Ba shi ba ne." Tun yana bayani har ya daina, in an tambaye shi aikinsa sai ya ce a bayan shagon tela yake.

Sai ga jikarsa, wadda ake kira Kanari saboda bakinta ba ya hutawa, ta dawo daga makaranta wata Litinin ba ta ce uffan ba. Shekararta bakwai. Da ƙyar kakarta ta ciro maganar: ta gaya wa 'yan ajinsu kakanta ne Oga Ungulu, suka sa mata suna maƙaryaciya, har ƙawarta ta ɗauke jakarta ta koma wani benci. Malama ta ce to a kawo kakan ranar Alhamis a kashe gardama.

"Za ka zo ko, Kaka? Har da shaƙuwar?"

Ya dubi idanunta da suka kumbura, ya ce har da ita.

Kwana biyu ya yi yana neman shaƙuwa kamar mai neman ɓataccen ɗan akuya. Ya sha lemo a tsaye, ya sha a guje, ya tura busasshen burodi babu ruwa, ya tauna barkono har hawaye. Ciki ya kumbura, shaƙuwa ko alama. Ranar Laraba ya je wurin Injiniya a fusace.

"Kai ka jawo mini wannan masifar, kai za ka fitar da ni."

"Baba, ai abu ne mai sauƙi," in ji Injiniya. Ya tura masa shaƙuwar a waya, ya nuna masa inda zai danna. "Ka sa ta a aljihun gaba. Kana kai ƙarshen dariya, ka dafe ƙirji, ka taɓa nan. Wa zai gane?"

Sun gwada sau goma, sau goma ta yi daidai. Ya fito yana murmushi, yana jin ba a taɓa shiri mai kyau irin wannan ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya tsaya gaban allo, yara talatin da wani abu sun zuba masa ido. Kanari na benci na biyu ita kaɗai. Malama ta ce, "Bismillah, Baba." Ya gyara tsayuwa, ya saki dariyar. Wallahi bai taɓa yin mai kyanta ba, har tagogi suka amsa. Ya kai ƙarshe, ya dafe ƙirji.

Shiru. Wayar ta kulle kanta tun a hanya.

Ya sake dafewa. Ya laluba. Gumi ya karyo masa. Ya zaro ta rabi, ba tabarau a idonsa, ya danna inda ya ga dama. Sai ga shaƙuwa ta fito, ta sake fitowa, ta sake, ta ƙi tsayawa, bakinsa kuwa a rufe.

"Waya ce!" in ji ƙawar nan da ta sauya benci. "Malama, a waya yake kunnawa!"

Kanari ta kifa kanta a kan tebur.

Nan fa abin ya kai shi bango. Ya manta da Malama, ya manta a aji yake. Ya ɗaga wayar sama tana ta shaƙuwa, ya hau ta da faɗa.

"Sau goma! Sau goma muka gwada ki jiya, kika yi! Yau da nake nemanki sai ki tozarta ni? Na shirya komai! Na tauna barkono! Shekara goma sha tara ina shiri, kullum sai wani ɗan ƙaramin abu ya zo ya ɓata mini! Me na yi muku ne? Me na yi wa duniya?"

Yana faɗa yana buga ƙafa, murya na hawa tana karyewa don baƙin ciki. Bai lura da lokacin da ajin ya yi tsit ba. Wata yarinya a gaba ta janye ƙafarta ta hagu a hankali, ta tura ta ƙarƙashin benci. Na kusa da ita ya tuɓe takalminsa na hagu ya zauna a kai. Kafin Malama ta ce wani abu, duk ajin ya ɓoye ƙafar hagu, sannan ihu ya ɓarke.

"Shi ne! Oga Ungulu ne! Haka yake yi in agwagi sun kama shi!"

Kanari ta haye kan benci tana ihu ta fi kowa: "Na gaya muku! Ban gaya muku ba?" Ƙawar tata tuni ta jawo jakarta ta dawo.

Shi kuwa ransa in ya yi dubu ya ɓaci. Ya yi dariyar da ya kwashe rayuwarsa yana gyarawa, ba su gane shi ba. Ya faɗi abin da ke cin zuciyarsa da gaske, suka kwashe da dariya. A bakin ƙofar makaranta, da aka tashi, yana ta mita shi kaɗai, yana cewa gobe sai Injiniya ya gane kurensa.

Kanari ta ja masa riga. Ta durƙusa, ta cire takalminta na hagu, ta miƙa masa.

"Ungo, Kaka. Duk finafinan nan ko ɗaya ba ka taɓa samu ba."

Ya tsaya yana kallon ɗan takalmin a tafin hannunsa, igiyarsa ta tsinke an ƙulle.

"To yanzu da me za ki taka?" ya ce da ƙyar.

Ta ɗaga masa hannu biyu. Ya yi tsaki, ya saɓa ta a kafaɗa, suka kama hanyar gida, yana mitar bayansa na ciwo. Takalmin dai bai mayar mata ba.