Layi Biyu a Jinin Sani

Jiya jikata ta kawo sakamakon gwajin jininta, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Haka kowa ke kiransa. Mutumin Gaya ne, yana awon jini a wani asibiti a Kano, kuma ba ya karanta sakamako sai ya gutsuri goro.

Shekarar da naira ta fito na goyo ɗana Sani daga Toranke, jikinsa zafi zau. Amosanin jini, wato sikila, shi ya ɗauke wansa, don haka kai tsaye na nufi asibitin. Kawu ya ɗiga jinin Sani a wata siririyar takarda mai laima, ya kunna mata lantarki. Ɗakin sai warin magani. Da layuka suka fito, ya ɗaga ta a hasken taga, ya daɗe yana kallo.

"Kawu, ka ce wani abu mana!"

"Layi biyu ne, 'yar nan. Ga na sikila, ga lafiyayye. Gado ya ɗauko, ba ciwon ba. Zazzaɓin cizon sauro ne ke damunsa. Wannan sai ya cinye miki rumbu."

Na yi dariya har da hawaye. Ya kuwa cinye.

Allah ya sanyaya makwancin Kawu, yadda ya sanyaya mini zuciya a ranar.